Baro: An Ci Moriyar Ganga

Tambayi duk wanda ka ga dama a Kano daga ina jirgin ƙasa ya fara shigo musu, zai ce maka daga Ikko. Ba haka tarihin yake ba. Layin dogon da ya isa Kano a 1911 ya taso ne daga wani ɗan ƙaramin garin Nufawa a gaɓar kogin Kwara, cikin ƙasar Agaie ta Jihar Neja ta yanzu. Sunansa Baro. A nan aka sauke ƙarafan dogon da kawunan jiragen da taragunsu, har kusoshin da aka ɗaure su da su. Dalar gyaɗa da Sabon Gari da kantunan Turawa da na Kwarori da suka cika bayan ganuwar Kano, duk ta wannan gaɓa hanyarsu ta biyo. Yau kuwa mai son zuwa Baro da damina sai ya yi shiri na musamman, domin hanyar motar ma ba ta da tabbas.

Mun saba tunanin cewa Bature ya zo mana ta tudu ne, saboda abin da muka fi riƙewa shi ne faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903. Amma ta ruwa ya shigo. Kamfanin Royal Niger na George Goldie, wanda ya sami takardar izinin mulki daga Ingila a 1886, a kan kogi ya kafa ƙarfinsa, daga nan ya ɗauko yaƙi ya ci Bida a farkon 1897. A Lokoja Lugga, shugaban mulkin Turawa a Arewa, ya ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairu, 1900. Daga Lokoja hedikwata ta koma Jebba, daga Jebba ta koma Zungeru a 1902, kuma dukansu garuruwan bakin ruwa ne. Shi kansa kogin ba Bature ya mai da shi hanya ba. Tun kafin zuwansa Kede, Nufawan nan ma'abota kwale-kwale da ke ƙarƙashin Kuta na Muregi, suna jigilar mutane da kaya sama da ƙasa, kasuwar Egga tana ci, fataken Hausa masu zuwa Gwanja neman goro suna ƙetare shi da jakunansu.

Matsalar Lugga ita ce kogin Kaduna, wanda Zungeru ke bakinsa, ba ya ɗaukar jirgi idan ruwa ya ja. Shi ya sa tun 1901 aka shimfiɗa wani ɗan siririn dogo daga Zungeru, wanda daga baya aka kai shi Barijuko, don a tari jiragen a inda ruwa ke da zurfi. Wannan maganin wucin gadi ne. Abin da yake so shi ne dogo daga babban kogin har Kano, wanda zai ba Arewa ƙofarta ta kanta zuwa teku ba tare da ta bi ta hannun gwamnatin Ikko ba. Ita kuma Ikko tana son nata layin ne ya miƙe ya kwaso cinikin Arewa. Baro ta ci wannan zaɓe saboda wurin da Allah ya ajiye ta: kimanin mil 70 sama da Lokoja, kimanin mil 400 daga teku, a inda manyan jirage ke iya kaiwa idan kogi ya cika, ga kuma tudu a bayanta da ya ɗaga sama da fadamun bakin ruwa.

Lugga ya bar Arewa a 1906 ba a fara aikin ba. Waɗanda suka tura shi gaba masu masaƙu ne na Ingila. Ƙungiyarsu ta noman auduga, wadda aka kafa a 1902, ta gaji da dogaro da audugar Amurka, ta kuma ji labarin cewa ƙasar Kano da Zazzau ƙasar auduga ce tun kaka da kakanni. Winston Churchill, wanda a lokacin yake ƙaramin minista a ofishin kula da ƙasashen mallaka, ya goya musu baya, aka amince da aikin a 1907. Sabon shugaban Arewa da aka turo, Percy Girouard, injiniyan dogo ne ɗan Kanada, wanda ya yi suna wajen shimfiɗa layin da ya ratsa hamadar Sudan daga Wadi Halfa domin yaƙin da Ingila ta yi a can ƙarƙashin Kitchener. Shi da John Eaglesome, shugaban sashen ayyuka, suka yanke shawarar cewa gwamnati za ta yi aikin da kanta, ba kwangila, kuma da araha.

A kan wannan arahar nake son mai karatu ya tsaya, domin a nan ainihin tarihin Baro yake. Mil 356 ne daga Baro zuwa Kano, ta Katcha da Badeggi da Minna da Kaduna da Zariya. Babu katafila, babu motar ɗibar ƙasa. Da diga da shebur da kwanon sarki aka sare dazuzzuka, aka cike kwaruruka, aka fasa tuddai. Mutanen da suka yi wannan ba neman aiki suka zo ba. Razdan zai faɗa wa sarki adadin da ake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya shiga gida gida. Mutum ya bar gonarsa, wani lokaci a tsakiyar damina, ya yi makonni a bakin diga, sannan a sallame shi a kawo wani. Nufawan Bida da Agaie da Lapai ne suka fara ɗaukar nauyin, sai Gwarawa, sai Zagezagi da Kanawa yayin da layin ke hawa arewa. Rahotannin Turawa suna alfahari da saurin aikin, har an taɓa shimfiɗa fiye da mil shida a yini guda gab da shiga Kano. Injiniyoyin kam an san su da sunayensu da muƙamansu. Dubban da suka ɗauki ƙasa a ka kuwa adadi kawai suka zama a takarda.

Ba kuma cikin lumana aka yi ta ba ko'ina. A 1909 mutanen Gussoro a ƙasar Gwari suka kashe wani jami'in mulki Bature tare da 'yan sandan rakiyarsa, aka turo soja aka murƙushe su, kuma masana tarihi suna lissafa matsin ɗibar leburori cikin abubuwan da suka kai mutanen bango. Aikin ya shiga ran jama'a har Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda layin ya ratsa ƙasarsa, ya tsara masa waƙa, wato Waƙar Diga. Shi ma daga baya Turawan suka tuɓe shi suka kai shi Lokoja, bakin wannan kogin dai. Akwai wani sauyi da ya shigo ta wannan hanya wanda ba a cika ambatonsa ba: da kuɗin ƙarfe na Ingila ake biyan leburori, da su kuma hukuma ta fara neman haraji, sai ga wuri yana ja da baya a kasuwanni, sule da sisi suna maye gurbinsa.

Audugar da aka yi dogon dominta ba ta zo yadda aka yi tsammani ba. Masaƙan Kano suna sayenta da tsadar da Bature ba zai iya biya ba, manomi kuwa ya san lissafinsa. Ya ga gyaɗa ta fi riba, ta fi sauƙin wahala a jigawa, in shekara ta ɓaci kuma ana iya cinta. A daidai lokacin masana'antun Turai suna neman man gyaɗa ido rufe. Fataken da suka goge a harkar goro suka karɓi kuɗi daga kamfanoni, suka bazu ƙauyuka suna ba da bashi da gishiri da tufafi, suna cewa a shuka gyaɗa. Abin da Nijeriya ta fitar bai kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 ya haura tan 19,000, har buhuna suka fi ƙarfin taragu suka yi ta taruwa a tashar Kano. Daga cikin wannan guguwa su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo suka ƙara bunƙasa, daga baya Alhassan Ɗantata ya sha gaban kowa. A wannan zamanin ne kuma ayarin raƙuma mai zuwa Tarabulus ya mutu, goron Gwanja ya koma biyowa ta teku da dogo. Kano ta juya fuskarta daga hamada zuwa kudu, kuma layin Baro ne ya fara juya ta.

Abin tausayin shi ne Baro ba ta daɗe tana cin gajiyar abin da ta haifar ba. Layin Ikko ya iso Jebba a 1909, ya ƙetare ya haɗu da na Baro a Minna, a 1912 kuma aka haɗe hukumomin dogon biyu suka zama ɗaya, shekara biyu kafin a haɗe ƙasar kanta. Na ɗan lokaci ana ƙetarar da taragu a Jebba cikin jirgin fito. Da aka gama gadar Jebba a 1916, buhun gyaɗa na iya shiga tarago a Kano ya sauka bakin teku ba a taɓa shi ba. Ta Baro kuwa sai an sauke shi, a loda a jirgin ruwa, a gangara Burutu a sake sauke shi a loda a na teku, kuma manyan jiragen sai a 'yan watannin da kogi ke cike suke iya zuwa. Babban layi ya koma reshe mai tsawon mil 111 daga Minna. Duk da haka garin bai mutu nan take ba. Kamfanin Niger, wanda ya narke cikin UAC a 1929, da John Holt sun ci gaba da amfani da ruwa saboda arharsa, sito-sito suna cika da gyaɗa da auduga da kaɗanya suna jiran cikar kogi, kananzir da gishiri da siminti suna hawowa. Akawuna da 'yan dako da ma'aikatan dogo daga sassa daban-daban na ƙasar nan sun zauna a garin, sun yi aure, sun haifi 'ya'ya. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da zirga-zirgar ƙasan kogin. Madatsar Kainji, da aka gama a 1968, ta sauya yadda ruwan ke hawa da sauka. Gyaɗar kanta ta faɗi a shekarun 1970, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, tirela ta ƙwace kayan dogo. A ƙarshe jirgi ya daina zuwa Baro, ciyawa ta rufe layin.

Tun daga nan ake yi wa garin alkawari. A 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe kogin daga Warri zuwa Baro, tsawon kilomita 572. Ranar 19 ga Janairu, 2019, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya je Baro da kansa ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa da aka kashe wa kusan naira biliyan 6, mai matsayar jirage ta mita 150 da filin ajiye kwantena da babban sito da injin ɗaga kaya. Mutanen yankin sun yi murna ta gaskiya a ranar, kuma suna da hujjar yin ta. Shekaru sun shuɗe tashar ba ta fara aikin da aka gina ta dominsa ba. Hanyar Agaie zuwa Katcha zuwa Baro, wadda ba ta kai kilomita 60 ba, an ba da kwangilarta an sake bayarwa. Dogon Minna yana nan a kwance. Kogi kuwa yashi yake tarawa kowace shekara, yasa ɗaya ba ta isarsa.

Duk wanda ya karanta tarihin garin zai gane inda aka yi kuskure. Baro ta rayu ne saboda a nan ruwa ya haɗu da dogo. Girouard bai gina matsayar jirage ya zauna jiran hanya ba, tare aka yi su, saboda ɗayan ba shi da amfani in babu ɗayan. Mu kuwa mun gina inda za a sauke kaya, ba mu tanadi abin da zai kwashe su ba. Ina cikin masu ganin tashar tana da amfani idan an yi ta yadda ya kamata. Kaya masu nauyi da ba sa gaggawa, irin su taki da siminti da hatsi da ƙarfe, ruwa ne ya fi dacewa da su, kuma duk wanda ya taɓa kwana a hanyar Bida ko ta Mokwa saboda tirela ta faɗi ta tare hanya ya san abin da titunanmu ke sha. Sai dai a faɗa wa mutane gaskiya: kogin yana da lokacinsa, jirage marasa zurfin ciki yake so, kuma yashe shi aiki ne na kullum.

Kada kuma shirun tashar ya sa a ɗauka kogin ya mutu. Talakawa suna kansa dare da rana, cikin jiragen katako masu inji, da shinkafa da kifi da babura da awaki. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi suna dawowa daga biki. A ƙarshen 2024 wani jirgin ya kife da 'yan kasuwa daga Jihar Kogi da ke kan hanyarsu ta zuwa cin kasuwar Katcha, maƙwabciyar Baro. Allah ya jiƙansu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda hedikwatarta ke Lokoja, ita ke da tashar Baro, ita kuma ke da alhakin lafiyar waɗannan matafiya. Jiragen fito masu inganci da rigunan ruwa da cire kututturan da ke kwance cikin kogi ba sa buƙatar jiran kwantena daga Onitsha.

Sai maganar abin da ya rage na tsohon garin: tashar jirgin ƙasa, sito-siton kamfanoni, gidajen Turawa a kan tudun da ake kira Empire Hill, da kaburburansu. Na sha jin masu cewa me zai sa mu kashe kuɗi wajen adana kufan wanda ya zo ya mallake mu. Ina girmama zafin da ke bayan wannan magana, amma ban yarda da ita ba. Bature ya zana, ya ba da umarni, ya kwashi riba. Hannun da ya haƙa, da kan da ya ɗauka, da bayan da ya sha bulala, na kakanninmu ne. Idan ginin ya rushe, Ingila ba ta yi asarar komai ba, takardunta suna nan a adane a Landan. Jikan leburan ne zai rasa wurin da zai tsaya ya nuna wa ɗansa.

Haka kuma ban gamsu da yadda ake tallata wurin ba a duk lokacin da aka tashi maganar yawon buɗe ido. Sunan Lugga ake sawa gaba, a ce a nan ya zauna, a nan ya hango kogi, alhali ya bar ƙasar kafin a dasa ƙarfe ko ɗaya na layin Baro, kuma da ya dawo a 1912 layin ya riga ya isa Kano. Mai ziyara da ya hau tudun ya kamata a nuna masa abin da tudun ke faɗa da kansa: su a sama inda iska take, ma'aikata a ƙasa bakin fadama tare da sauro. A gaya masa garuruwan da aka ɗebo leburori, da yadda aka ɗebo su, da abin da ya faru a Gussoro. A gaya masa labarin Kede, waɗanda suka san kowane tsibiri da kowace mashiga ta kogin tun kafin jirgi mai hayaƙi ya shigo shi. Wannan labarin ya fi na gidan gwamna daɗin ji, kuma shi ne namu.

Muna da wata ɗabi'a ta ɗauke kayan tarihi daga ƙananan garuruwa mu kai birni. Gadar ƙafa ta Lugga da aka gina a Zungeru a 1904, an ciro ta a 1954 an kai Kaduna, tana nan a lambun Gamji. Kan jirgin farko na ɗan dogon Zungeru a Minna aka ajiye shi. Gidan tarihin jirgin ƙasa da ake da shi yana Ebute Metta a Ikko. An tsirar da kayan, wannan gaskiya ne, amma an bar garuruwan da suka haife su hannu wofi. Bai kamata a maimaita wannan a Baro ba. Haɗarin da ya fi kusa ma shi ne na 'yan gwangwan, domin a sassa da yawa na Arewa an sha kama motoci maƙare da ƙarafan dogo da aka yanke, kuma layin da jirgi ya daina bi shi ya fi sauƙin sata.

Aikin adana Baro bai kai kuɗin kilomita ɗaya na titi ba, kuma ba sai an jira tashar ta fara aiki ba. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, tana da ikon sanya tsohuwar tashar da tudun cikin wuraren da doka ta kare. Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida da ke Lapai tana nan kusa. Ɗalibanta na tarihi za su iya zama da dattawan Baro da Katcha da Badeggi su naɗi muryoyinsu da Nufanci da Hausa. Waɗanda suka yi diga sun daɗe da rasuwa, amma waɗanda suka yi dako a siton UAC, da waɗanda suka yi aiki a tasha lokacin da jirgi ke zuwa, da matan da suka sayar musu da abinci, akwai sauransu, kuma kowace shekara raguwa suke yi. Fayilolin lardin Neja da na Nufe suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, a kwafo abin da ya shafi garin a kawo shi gida. Sito ɗaya da aka gyara wa rufi ya isa ya ɗauki hotuna da taswirori da tsofaffin kayan aiki, a ba matasan garin riƙonsa ƙarƙashin kulawar masarautar Agaie.

Kuɗin ma bai kamata a bar wa Jihar Neja ita kaɗai ba. Kano tana da gidajen kasuwanci da arzikinsu ya samo tushe daga gyaɗar da wannan layi ya fara ɗauka, tana da ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu, tana da attajiran da ke gina makarantu da asibitoci a wuraren da ba su taɓa zama ba. Kaduna da Minna kuwa dogon nan ne ya mai da su birane. Idan waɗannan garuruwa uku suka haɗa hannu da masarautar Agaie da Majalisar Etsu Nupe, ana iya rufe sito ɗaya, a kewaye tsohuwar tasha, a fara naɗar muryoyin dattawa kafin damina mai zuwa ta sake yanke hanyar garin.